Tambayi Likita: Numfashina yana ɗaukewa a barci, yanzu da rana ma haki nake yi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, sannu da ƙoƙari. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da shadda da atamfa a babbar kasuwar Katsina, shekaruna 49. Minshari dai na daɗe ina yi, ko a aikin Hajji abokan ɗakina sun sha yi mini tsiya a kai. Shekara biyu da suka wuce uwargidana ta ce abin ya wuce minshari, wai sai in yi ɗif kamar rai ya yi halinsa, can kuma in zabura da wani irin gurnani. Na ga wani likita a Kano, ya ce cutar ɗaukewar numfashi a barci ce, in dawo a yi gwaji a haɗa ni da na'ura. Da na ji kuɗin ban koma ba. To yanzu abin ya biyo ni har rana. Daga shago zuwa masallaci sai na tsaya na huta. In na yi sujada ji nake kamar an danne mini ƙirji, da yamma kuma ƙafafuna su kumbura har takalmi ya matse ni. Da ciwon kai nake tashi kullum, huɗubar Juma'a kuwa na manta rabon da in ji ta har ƙarshe. Nauyina kilo 112, tsawona mita 1.68, ina shan maganin hawan jini in na tuna. Mai kemis ya ba ni abin shaƙa irin na masu asma, bai yi mini komai ba. Shin cutar barcin ce ta kai ni haka? In na daure na sayi na'urar, hakin zai tafi? Ni nake tuƙa kaina zuwa Kantin Kwari sarin kaya.

Wani Alhaji, Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba da lafiya. Kafin komai, a miƙa gaisuwata ga Hajiya. Mafi yawan mazan da nake gani da wannan cuta matansu ne suka gano ta, su kuwa mazan suna ta rantsuwa cewa barcinsu lafiya lau ne. In maigida da uwargida suka saɓa a kan minshari a gabana, maganar uwargida nake rubutawa a kati.

Ga gajeriyar amsa. Ɗaukewar numfashi a barci, ita kaɗai, ba ta cika sa mutum haki da rana ba. Barci take sawa da rana, da kasala, da mantuwa, da saurin fushi. In har wanda ke da ita ya fara haki ido biyu, to akwai wani abu da ya ƙaru a kanta: ko zuciya, ko huhu, ko nauyin jiki ya fara danne numfashin kansa. Don haka abin da ke gabanka a wannan makon shi ne a duba zuciyarka da huhunka. Maganar na'urar taimakon numfashi a barci tana nan, amma a bayan wannan take.

Dalilin da ya sa na ce haka yana cikin yadda cutar take. Daga bayan hanci zuwa maƙogwaro hanyar iska ba ta da ƙashi, tsoka ce zalla: gindin harshe, ganɗa mai laushi, beli, da bangon maƙoshi. Kana farke tsokokin nan a ɗame suke, hanya a buɗe. Barci na ɗaukar ka sai su saki. In wuya ya yi kitse, ko harshe babba ne, ko haɓa ta ja baya, sai hanyar ta manne, kamar tiyon ban-ruwa da ya sha rana ya yi laushi, injin na ja shi kuma ya lanƙwame. Ƙirji na ta fama, iska ba ta wucewa. In tsayawar ta kai daƙiƙa 10 muna ƙirga ta. Sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya cutar mai sauƙi ce, 15 zuwa 29 matsakaiciya, daga 30 zuwa sama mai tsanani. Da ka farka tsokokin sun koma bakin aiki, hanya ta buɗe, shi ya sa mutum zai iya shaƙewa duk dare, gari ya waye ya yi tafiyarsa ba haki. Kai ma haka ka yi shekaru.

Sai dai dare yana barin bashi. Mai ɗaukewa 30 a awa, in ya yi barcin awa 6, sau 180 ke nan iskar oksijin ta faɗi a jininsa, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi na ɗan lokacin da ba zai tuna ba, zuciya ta yi gudu, jini ya hau. Lokacin da ya kamata hawan jini ya sauka ya huta, lokacin ne naka yake tsalle. Bayan shekaru sai hawan ya zauna har rana, kuma irin wanda ba ya jin magani da sauƙi. Zuciyar da ke tura jini da ƙarfi kullum bangonta kauri yake yi, ya sandare, ba ta cika da kyau ba ta juyewa da kyau, sai ruwa ya fara taruwa baya a cikin huhu. Wannan ruwan shi ke sa haki in an yi 'yar tafiya, shi ke sa mutum ya ƙara filo na biyu da na uku, shi ke tashin wasu tsakar dare su nufi taga neman iska. Ta ɗaya ɓangaren kuma, jijiyoyin jinin huhu tsukewa suke yi duk lokacin da oksijin ya yi ƙasa. In abin ya daɗe sai sashen dama na zuciya, wanda ke tura jini zuwa huhu, ya gaji, ruwa ya taru a ƙafa da ciki. Kumburin da takalminka ke gaya maka da yamma ya sa na fi karkata nan. Ga kuma wani abin haushi: ruwan da ya taru a ƙafa da rana, in ka kwanta wani ɓangarensa sama yake dawowa wajen wuya, ya ƙara matse hanyar iskar. Zuciya na ɓata barci, barci na ɓata zuciya.

Maganar sujada ma ban raina ta ba. Haki in an sunkuya yana zuwa daga tumbi da ke tura huhu sama, yana kuma zuwa daga zuciyar da ruwa ya yi mata yawa. Ka faɗa wa likita wannan da bakinka, ka kuma faɗa masa ko ɗaure igiyar takalmi ko alwalar ƙafa na yi maka haka.

Abu na biyu da nake so a bincika a kanka ya shafi nauyi. Kilo 112 a tsawon mita 1.68, in aka yi lissafin da muke yi, ma'aunin ƙibarka yana wajen 40, alhali daga 30 ake cewa mutum na da ƙiba. Akwai wani hali da ke samun wasu masu ƙiba inda numfashinsu yake zama sama-sama dare da rana. Huhu ba ya buɗewa ya cika, gurɓatacciyar iskar da ya kamata a fitar, wato kabon, sai ta taru a jini, ƙwaƙwalwa kuma ta saba da ita har ta daina tsawatarwa. Kusan 9 cikin 10 na masu wannan hali suna da ɗaukewar numfashi a barci, don haka tare ake samun su. Alamominsa su ne waɗanda ka lissafa: ciwon kai da safe, barci mai nauyi da rana, haki, kumburin ƙafa. Ana tabbatar da shi ne in kabon na jinin jijiya ya haura 45 mutum yana farke. Wannan gwajin ba ko'ina ake yin sa ba, amma akwai mai sauƙi da ke nuna hanya. A cikin gwajin gishirin jini da ake yi don duba ƙoda akwai awon bayikabonet. In ya gaza 27 da wuya a ce wannan hali ne, in ya kai ko ya wuce sai a zurfafa bincike. Na jaddada wannan ne saboda na sha ganin 'yan'uwa masu hali sun sayo tukunyar oksijin sun ajiye wa mara lafiya a ɗaki don tausayi. Ga mai tara kabon, oksijin da ba likita ya auna ba yana iya ƙara masa kabon ɗin, ya yi ta barci har a kasa tashinsa.

Sauran abubuwan zan ambata su a gurguje, likitan da zai duba ka zai tantance. Wanda ya daɗe yana shan taba ko shisha, ko macen da ta yi shekaru a hayaƙin murhu, hanyoyin cikin huhunsu na iya toshewa, in ta haɗu da cutar barci oksijin yakan faɗi fiye da kowacce ita kaɗai. Akwai asma ta gaskiya, wadda hazon hunturu ke tayarwa. Akwai ƙarancin jini, akwai tabon tarin fuka, akwai bugun zuciya da ya rikice. Abin shaƙar da mai kemis ya ba ka ƙananan hanyoyin cikin huhu yake buɗewa, ba ruwansa da maƙogwaro, ba ya kuma fitar da ruwa daga huhu. In ba asma gare ka ba, abin da zai ƙara maka shi ne bugun zuciya da rawar hannu.

To ga abin yi. Ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ko Babban Asibiti, ka nemi ganin likitan manya, daga nan a tura ka wajen likitan zuciya ko na ƙirji. Ka tafi da Hajiya in zai yiwu. In ba zai yiwu ba, ta ɗauke ka bidiyo da waya kana barci, minti uku ko huɗu da ke nuna ƙirji da fuska, da sautin a buɗe. Ka kwashi duk magungunan da kake sha a leda, har da na gargajiya da na masu talla. Abin da nake sa ran za a yi maka: awon hawan jini, awon oksijin da ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa kana zaune da kuma bayan ka yi tafiya, hoton ƙirji, gwajin bugun zuciya na isiji, hoton zuciya na eko, awon yawan jini, suga, da ƙoda. In ana zargin huhu akwai gwajin busa iska. Lafiyayyen mutum oksijin ɗinsa kan kasance 95 zuwa 100. Sai dai ɗan abin yatsan nan yakan ƙara wa masu baƙar fata maki kaɗan a kan gaskiya, don haka in ka ga 92 ko 93 kana zaune kada ka ce ai da sauƙi. Ka sa telanka ma ya auna maka wuya da tef. Inci 17 ga namiji, 16 ga mace, daga nan muke fara ɗaga gira. In ya ƙara maka faɗin wuyan kaftani a 'yan shekarun nan, shi ma shaida ne.

Akwai halin da ba a jiran gobe. In haki ya same ka kana zaune, ko ka kasa ƙarasa magana sai ka tsaya jan numfashi, ko ƙirji ya riƙe, ko leɓe da harshe suka dushe suka yi toka-toka, ko kana tari da kumfa, ko iyali suka ga kana sambatu ko tashinka na wuya, a kai ka sashen gaggawa a lokacin, a zaune, kada a kwantar da kai a bayan mota.

Yanzu maganar na'ura. A asibiti za ka ji ana ce mata sifaf. Wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya fito da ita a birnin Sidni a 1981. Aikinta hura iskar ɗaki ta cikin abin rufe hanci da ɗan ƙarfi, don hanyar ta kasa mannewa. Har yau ita ce maganin da ya fi aiki ga mai cutar matsakaiciya da mai tsanani, kuma barcin rana da ciwon kan safe sukan ragu cikin kwanaki ko 'yan makonni. Ga mai tara kabon ma tana taimakawa, wasu kuma sai an ba su mai ƙarfi biyu, ɗaya na shaƙa ɗaya na fitarwa. Amma ba zan ruɗe ka ba: hawan jini kaɗan take saukarwa, ba ta maye gurbin ƙwaya, ba ta kuma janye ruwan da ya riga ya taru. In zuciya ce ta kawo hakin, maganin zuciya da na fitar da ruwa ne za su ɗauke shi, na'urar kuma ta hana dare ci gaba da ɓarna. Kada ka sayi ta hannu a kasuwa ka ɗaura. Ƙarfin iskar aunawa ake yi, kuma wasu masu ciwon zuciya nasu ɗaukewar numfashin daga ƙwaƙwalwa take, ba toshewa ba ce, maganinsu daban. Gwajin barci ne ke raba wannan, likitanka zai faɗa maka inda za a yi shi. In ka same ta, kowane barci da ita za ka yi, har ƙailula. Ba ta fi fanka cin wuta ba in an kashe sashen ɗumama ruwa, ƙaramin batir da inbata ko sola sun isa su kai ta asuba. Janareta kuwa a nesa da taga, hayaƙinsa kisa yake yi ba a ji. Da hunturu a riƙa duba matatar iskar, ƙura na toshe ta da wuri.

Na san kuɗi ne ya kore ka a karon farko, kuma ban ga laifinka sosai ba. Amma akwai abin da ba ya cin kuɗi mai yawa. Maganin hawan jini kullum ake sha, "in na tuna" ba ta cikin ƙa'ida. Ka ajiye shi kusa da abin da ba ka mantawa da shi bayan Asuba. Gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen miya da kanwa da yajin tsire duk cikin lissafin suke. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen suna riƙe ruwa a jiki, suna ɗaga hawan jini, kuma sau da yawa su ne a cikin haɗin da ake ƙulla wa 'yan kasuwa a leda da yamma. Ka rabu da su. Mafi haɗari kuma su ne masu sa barci: baliyam, taramol, da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da shi tun 2018. Waɗannan suna ƙara sakin tsokar maƙogwaro, suna kuma hana ƙwaƙwalwa tashe ka in numfashi ya tsaya. Ka bar kwanciya rigingine, ka koma gefe yadda aka koya mana tun muna yara, ka ɗan ɗaga kan gado. Tuwon dare a ci shi da wuri, a rage malmala.

Rage nauyi yana da tasirin da ake iya aunawa. Wani dogon bincike da aka yi a jihar Wiskonsin ta Amurka, aka buga a 2000, ya nuna rage kashi 10 cikin 100 na nauyi yana tafiya da raguwar kusan kashi 26 na yawan ɗaukewar numfashi, ƙarin kashi 10 kuma yana ƙara ta da kusan kashi 32. A wajenka kilo 11 ke nan. Lemon kwalba da shayi mai madara da sukari da ake ta kawowa shago saboda baƙi, daga nan zan fara in ni ne. Motsa jiki kuma ka bari sai an ga hoton zuciyar, a gaya maka iyakar da za ka fara.

Saura tuƙi. Wanda huɗuba ke sa shi barci a zaune cikin jama'a, miƙaƙƙen titi tsakanin Kankiya da Bichi bayan azahar ba zai bar shi ba. Masu wannan cuta da ba su kan magani haɗarin motarsu ya ninka na sauran mutane aƙalla sau biyu. Goro da buɗe gilashi ba sa hanawa. Ka ɗauki direba, ko ka ba yaron shago da ya iya, ko ka shiga motar haya, har sai an fara magani barcin rana ya sake ka.

TAMBAYA: Likita, ɗana ɗan shekara 5 kullum baki buɗe yake numfashi, ko yana wasa. Da dare yana minshari kamar babba, yana ta juyi, yana gumi, ga fitsarin kwance. Yana da sikila. Kakarsa ta ce beli ne, a kira wanzami ya cire.

Wata uwa, Daura

AMSA: Sannu Maman yaro, Allah ya raya mana shi. A yara lissafin ya ɗan bambanta da na manya, domin su abin da ke toshe hanyar yakan kasance nan dare da rana. Akwai wata tsoka a can bayan hanci, ba a ganin ta ta baki, da wasu biyu a gefe da gefen maƙogwaro da muke kira tonsil. Tsakanin shekara 2 zuwa 8 sukan yi girma fiye da hanyar da suke ciki. Ta bayan hancin ita ke sa yaro yawo baki buɗe da magana ta hanci. Yaran kuma ba su cika gyangyaɗi da rana ba, ƙiriniya da rashin natsuwa a makaranta suke yi, wasu su ƙi girma, wasu fitsarin kwance ya ƙi barinsu.

Ki ba Kaka haƙuri cikin ladabi, in da hali mahaifinsa ya yi mata bayani. Askar wanzami ba ta kaiwa inda toshewar take, beli zai tafi minshari ya zauna. Ga zubar jini, ga haɗarin sarƙe-haƙora da ciwon hanta in ƙarfen ya taɓa wani. Yaro mai sikila kuwa dama jininsa kaɗan ne, ba shi da na zubarwa. Sikilar ce ma ta sa nake so ki hanzarta: wannan matsala ta fi yawa a masu sikila, kuma faɗuwar oksijin da dare na iya taimakawa wajen tayar musu da ciwo.

Ki ɗauke shi bidiyo yana barci, ki nuna a asibitin da yake karɓar maganin sikila, ki roƙi a tura ku wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Wasu yaran maganin fesawa a hanci na 'yan makonni yake isar su. Wasu sai an cire tsokokin a ɗakin tiyata, kuma ga mai sikila ana shirya aikin ne tare da likitan jini, a duba yawan jininsa, wani lokaci a ƙara masa kafin a shiga. Kafin ranar ganin likita, ki raba shi da hayaƙin murhu da na maganin sauro mai kunnawa, ya kwana a gidan sauro, kuma kada a ba shi maganin mura mai sa barci. In kuwa ya fara haki da zazzaɓi ko ciwon ƙirji, wannan ba na jiran layin asibiti ba ne, a kai shi sashen gaggawa na yara a ranar.